Shekara Uku da Ƙwaya a Ƙarƙashin Harshe

Daga tsakiyar watan Mayu zuwa Yuli, ciyawar Birtaniya da ta sauran arewacin Turai takan yi fure ta saki bununinta a iska. Gari ne mai laushi irin wanda manomi ke gani yana zuba daga kan gero ko na masara, sai dai na ciyawa ya fi na masara ƙanƙanta sosai, don haka iska takan ɗauke shi ta ratsa da shi birane, ta shigar da shi ɗakuna ta taga. Yawancin mutane suna shaƙarsa ba su ma sani ba. Amma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Birtaniya yana fama da murar alaji, kuma bununin ciyawa ne kan gaba wajen tayar da ita: atishawa a jere babu ƙaƙƙautawa, hanci na yoyo da rana ya toshe da dare, idanu su yi ja suna ƙaiƙayi da hawaye, ganɗa da cikin kunne su riƙa tsikari. Ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba, ba a kuma ɗaukarta daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ta ɗauki abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba.

Wanda bai taɓa yi ba yakan raina ta, ya ce ai mura ce. Lokacin da take zuwa shi ne lokacin jarrabawar kammala sakandare a Ingila, kuma a 2007 Samantha Walker da abokan aikinta sun bi sakamakon ɗalibai fiye da 1,800, suka kwatanta makin da yaro ya ci a jarrabawar gwaji ta lokacin sanyi da wanda ya ci a ta gaske. Yaran da murar ta taso musu a ranar jarrabawa sun fi sauran yiwuwar faɗowa da mataki guda da kashi 40 cikin 100, waɗanda kuwa suka sha maganin alaji mai sa barci abin ya kai kashi 70. Ciwon da ke hana barci wata biyu a kowace shekara, ya rage wa yaro maki, ya kuma tayar da asma ga mai ita, ya wuce a ce da shi ƙaramin abu.

Magungunan yau da kullum suna aiki, kuma ga yawancin masu fama sun wadatar. Akwai ƙwayoyin da ke danne histamin, tsofaffinsu irin Piriton masu sa gyangyaɗi da sababbi irin setirizin da loratadin. Akwai feshin hanci mai sitiroyid, wanda ya fi su ƙarfi a kan toshewar hanci idan an fara shi mako biyu kafin kakar bununi kuma an iya fesa shi daidai. Akwai maganin ɗigawa a ido. Duk dai danne alamomi suke yi. Ranar da aka ajiye su, ciwo na nan yadda aka bar shi, baɗi kuma zai dawo. Hanya ɗaya ce tak aka sani da ke taɓa tushen matsalar, wato a riƙa ba jiki abin nan da yake ƙi, a ma'aunin da aka ƙayyade, har ya saba da shi. An shekara fiye da ɗari ana yin haka da allura. Yanzu ana yi da ƙwaya ko ɗigon ruwa a ƙarƙashin harshe, a gida. Abin tambaya shi ne ko wannan hanya mai sauƙi tana aiki da gaske, nawa ne amfaninta, kuma wa ya kamata ya bi ta.

Labarin ya faro ne daga likitocin da su kansu ciwon ya dama. John Bostock ya karanta wa likitocin Landan bayanin murar da ke kama shi kowane lokacin zafi a 1819. Charles Blackley na Manchesta, shi ma mai fama da ita, ya wallafa littafinsa a 1873 bayan ya yi shekaru yana gwaji a jikinsa: ya shaƙi bununi, ya goga shi a fatar da ya kankare, ya ga ta kumbura, har ya riƙa ɗaura gilasai masu danƙo a jikin filfilon takarda yana tura su sama don ya san iya inda bununi ke kaiwa. A 1911 Leonard Noon, a asibitin St Mary's na Landan, ya fara yi wa masu fama allurar ruwan bununin ciyawar timoti kafin kaka, yana ƙara ma'auni a hankali. A zatonsa guba ce a cikin bununin, shi kuma rigakafinta yake yi. Zaton bai yi daidai ba, amma majinyata sun ji sauƙi. Tarin fuka ya kashe Noon a 1913, abokin aikinsa John Freeman ya ci gaba. Sai a 1954 William Frankland da Rosa Augustin suka gwada allurar a kan mutum 200, wasu aka ba su ta gaske wasu ta wofi, aka tabbatar amfanin ba tunanin zuci ba ne.

Dalilin ciwon kansa bai fito fili ba sai a 1966 da 1967, lokacin da Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Denba ta Amurka, da Johansson da Bennich a Ufsala ta Suwidin, suka gano sinadarin garkuwa da ake kira IgE. Jikin mai alaji yana ƙera IgE na musamman domin bununin ciyawa. Wannan IgE yakan manne a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a fatar hanci da ido da hanyoyin numfashi, cike da histamin. Da bununi ya sauka ya taɓa su sai su fashe, histamin ya watsu, jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo, ƙaiƙayi da atishawa su biyo baya cikin mintuna. Bayan wasu awoyi kuma wani kumburin ya biyo, shi ne mai toshe hanci da dare.

Allurar tana da haɗarinta, kuma haɗarin ne ya haifi hanyar harshe. Idan aka cusa wa mai alaji abin da jikinsa ke ƙi a ƙarƙashin fata, wani lokaci borin yakan game jiki duka: maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. Wannan shi ne anafilaksis, kuma yana kisa cikin mintuna idan babu allurar adirenalin a kusa. A 1986 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Birtaniya ya bayyana cewa mutum 26 sun mutu ta wannan hanya tun daga 1957, da yawansu masu asma ne, a ƙananan asibitocin unguwa inda babu kayan ceto. Aka kafa ƙa'ida cewa sai inda akwai kayan farfaɗo da mutum za a yi allurar, kuma majinyaci ya zauna awa biyu bayan kowace allura. Likitocin unguwa suka daina, maganin ya kusa ɓacewa daga ƙasar da aka ƙirƙiro shi. A wannan shekarar dai Glenis Scadding da Jonathan Brostoff suka wallafa wani ƙaramin gwaji na ɗiga maganin a ƙarƙashin harshe ga masu alajin ƙurar ɗaki. Likitocin Italiya da Faransa suka riƙi abin da gaske a shekarun 1990, kuma a 1998 wata takardar matsaya ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa hanya ce da za a iya bi a madadin allura.

Me ya sa ƙarƙashin harshe, ba haɗiya kai tsaye ba? An gwada haɗiya, ciki ya narkar da yawancin sinadarin kafin ya yi wani aiki. Fatar ƙarƙashin harshe kuwa siririya ce, kuma baki wuri ne da jiki ya saba karɓar baƙin abubuwa a kullum ba tare da tayar da hankali ba, in ba haka ba da kowace loma sai ta jawo kumburi. A wurin akwai ƙwayoyin garkuwa masu kama baƙon abu su kai shi kaluluwar wuya, kuma ƙwayoyin nan masu ɗauke da histamin ba su da yawa. Idan aka riƙa kawo sinadarin bununi ta nan kullum, a ma'auni mai yawa, garkuwar jiki takan sauya amsarta. Wasu ƙwayoyi masu kwantar da tarzoma suna ƙaruwa. Jiki ya fara ƙera wasu sinadaran kariya, IgG4 da IgA, waɗanda ke riga IgE kama bununin, su tare shi kafin ya kai ga fasa ƙwayoyin histamin. A watannin farko IgE ma yakan ɗan hau kafin ya sauko a hankali. Sauyin ba na kwana bakwai ba ne, kuma wannan ne ya sa komai na maganin nan ya rataya a kan lokaci.

Ƙwayoyi biyu ne suka fi shahara. Grazax ta kamfanin ALK na Denmak an yi ta da bununin ciyawar timoti kaɗai, ta sami izini a Turai a 2006, a Amurka kuma ana sayar da ita da sunan Grastek tun 2014. Oralair ta kamfanin Stallergenes na Faransa ta haɗa ciyawa biyar, ta fara fita a Jamus a 2008, Amurka ta amince da ita a 2014. Dukansu ana ba yara daga shekara biyar. Ana ɗora ƙwayar a ƙarƙashin harshe, ta narke, mutum ya yi minti ɗaya bai haɗiye yawu ba, kada kuma ya ci ko ya sha komai sai bayan minti biyar. Ta farko a gaban likita ake sha, a zauna rabin awa ana lura. Sauran duk a gida. Ana farawa kamar wata huɗu kafin ciyawa ta yi fure. Grazax kullum ake shan ta, rani da damina, har shekara uku. Oralair ana fara ta kafin kaka, a ci gaba har kaka ta wuce, a huta, a sake haka kaka uku a jere.

Babban gwajin da aka gina sunan Grazax a kansa ya ɗauki manya 634 a ƙasashen Turai takwas. Rabi aka ba su ƙwayar gaske, rabi ƙwayar wofi mai kama da ita, ba majinyaci ba likita babu wanda ya san wace ce wace. A kakar farko masu shan ta gaske sun sami raguwar alamomi da kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da masu ta wofi, yawan magungunan da suka buƙata kuma ya ragu da kashi 38. Dole a karanta wannan adadi da hankali. Kashi 30 ba warkewa ba ce. Mutumin da ke atishawa a Yuni zai ci gaba da yi, sai dai da sauƙi. Amma kuma an bar kowa a gwajin ya sha maganin alajinsa da feshin hancinsa duk lokacin da ya matsu, kuma masu ƙwayar wofi sun fi sha. Ke nan ratar da aka gani ƙari ce a kan abin da magungunan yau da kullum suka riga suka bayar. Ƙungiyar likitocin alaji ta duniya ta ɗauki kashi 20 a matsayin ratar da majinyaci zai ji a jikinsa, wannan kuwa ta haura.

Ba kowa ne ya gamsu ba, kuma masu sukar suna da hujja. A 2010 nazarin ƙungiyar Cochrane ya tattara gwaje-gwaje 60 na maganin ƙarƙashin harshe ya ce yana rage alamomi da shan magani. A 2015 Danilo Di Bona da abokansa a Italiya suka tattara gwaje-gwajen ƙwayoyin ciyawa kaɗai, suka ce amfanin na nan amma ƙarami ne, kuma mutane da yawa suna shan ƙaiƙayin baki kafin su same shi. Wasu gwaje-gwajen Amurka ba su kai na Turai kyau ba. Akwai kuma wata matsalar awo: a shekarar da bununi ya yi ƙaranci, masu ƙwayar wofi ma ba sa shan wahala, sai ratar ta tsuke. Ni abin da na fahimta daga duka wannan shi ne, in dai sauƙin kaka ɗaya ake nema, ƙwayar ba ta fi feshin hanci mai kyau ba, ga tsada ga ɗawainiya. Wanda ya saye ta domin haka ya yi asarar kuɗinsa. Darajarta tana cikin abin da ke faruwa bayan an daina sha.

A nan ne batun ya fi daɗin bibiya. Tun a 1999 Stephen Durham da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa mutanen da aka yi wa allurar ciyawa shekara uku zuwa huɗu sun ci gaba da jin sauƙi shekara uku bayan an tsayar da ita. Babu wani maganin alaji da ke yin haka. Sai aka tsawaita wancan gwajin na Grazax don a ga ko ƙwaya ma za ta iya: shekara uku ana sha, shekara biyu babu komai. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna sauƙin bai tafi ba. A kakar ta biyar, shekara biyu bayan ƙwayar ƙarshe, alamomin waɗanda suka sha ta gaske suna ƙasa da na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Gaskiya ne cewa waɗanda suka kai ƙarshen shekara biyar ɗin ba su kai rabin waɗanda aka fara da su ba, kuma wannan yana rage wa sakamakon ƙarfi. Duk da haka shi ne ya sa hukumomin Turai suka yarda a rubuta cewa ƙwayar tana sauya yanayin ciwon kansa.

To, ko za a iya gajarta shekarun? An tambaya, an kuma sami amsa mai ɗaci. Guy Scadding da Durham sun ɗauki manya 106 a Landan, suka raba su uku: masu ƙwaya, masu allura, da masu na wofi. Aka yi musu shekara biyu, aka tsaya, aka jira shekara guda, sannan aka fesa wa kowa ruwan bununi a hanci aka auna abin da ya faru. A lokacin da ake kan magani, ƙwaya da allura duk sun yi aiki. Shekara guda bayan dainawa, babu bambanci tsakaninsu da waɗanda aka ba na wofi. Mujallar JAMA ta buga wannan a 2017. Shekara biyu na shan ƙwaya kullum, fiye da ƙwaya 700, ba su bar wani abu mai ɗorewa ba. Don haka ne ƙa'idojin likitocin alaji na Turai suka tsaya a kan shekara uku a matsayin mafi ƙaranci. Abin kamar adashi ne: wanda ya daina zubi kafin ranar kwasarsa ba ya ganin dunƙulen da ya shiga dominsa.

Kuma mutane dainawa suke yi. Wannan ne babban raunin maganin, ya fi duk wata illa da ake lissafawa. Wani nazari da aka yi a Holan a kan bayanan kantunan magani, wanda Menno Kiel da abokansa suka wallafa a 2013, ya gano cewa kashi 7 cikin 100 kacal na masu shan maganin ƙarƙashin harshe ne suka cika shekara uku, masu allura kuwa kashi 23. Abin da aka yi taƙama da shi, wato shan magani a gida ba tare da zuwa asibiti ba, shi ne ya zama sanadin sakaci. Mai allura yana da rana da likita, akwai mai jiransa, akwai mai kiransa idan bai zo ba. Mai ƙwaya shi kaɗai ne da kwalinsa a watan Disamba, hancinsa lafiya lau, babu abin da ke tuna masa da Yuni. Ina ganin likitan da ya rubuta wannan ƙwaya ya sallami mutum ba tare da tsarin ganinsa duk bayan 'yan watanni ba, ya yi rabin aiki ne. Shi ma majinyaci ya kamata tun ranar farko a gaya masa ƙarara cewa alkawarin shekara uku yake ɗauka, idan ya san ba zai iya ba gara ya tsaya a kan feshin hanci.

Ta fuskar haɗari kuwa, ƙwayar ta cika alkawarin da aka ƙirƙiro ta dominsa. Abin da ya fi yawa shi ne ƙaiƙayin baki da maƙogwaro da kunne, wani lokaci leɓe ko ƙarƙashin harshe ya ɗan kumbura. Yakan zo mintuna kaɗan bayan an sa ƙwayar, ya lafa da kansa, kuma ga yawancin mutane yana wucewa cikin mako ɗaya ko biyu. Anafilaksis yana faruwa, amma da wuya ƙwarai, nesa da yadda yake a allura. Duk da haka Amurka ta wajabta a ba mai shan ƙwayar allurar adirenalin ya ajiye a gida. Ba a ba mai asmar da ba ta kwanta ba, domin su ne suka fi shiga haɗari. Ba a ba wanda ke da wani nau'in kumburin hanyar abinci na alaji, kuma duk wanda ya fara jin abinci na tsaya masa a ƙirji ko haɗiya na yi masa wuya ya tsayar da ita ya ga likita. Wanda aka cire wa haƙori ko yake da gyambo a baki, har da yaron da ya yi famfara, ya dakata sai wurin ya warke, don kada sinadarin ya shiga jini kai tsaye. Ba a fara ta ga mai juna biyu.

An daɗe ana fatan maganin zai hana yaro mai murar alaji zarcewa zuwa asma, domin sau da yawa ɗaya ke jawo ɗaya. An gwada a kan yara 812 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu a ƙasashen Turai, ƙarƙashin jagorancin Erkka Valovirta na Finlan, shekara uku da magani shekara biyu babu. Abin da gwajin ya sa a gaba, wato jinkirta ranar da likita zai tabbatar yaro ya kamu da asma, bai samu ba. Amma yaran da suka sha ƙwayar sun fi ƙarancin alamomin asma da buƙatar magungunanta, murar tasu ma ta ragu har bayan dainawa. Ba daidai ba ne a gaya wa uwa cewa ƙwayar rigakafin asma ce. Daidai ne a ce mata akwai alamar tana taimaka wa ƙirji. Dangantakar ciyawa da ƙirji ba abin wasa ba ce. A ranar 21 ga Nuwamba 2016 hadari ya taso a Melbon ta Ostireliya a tsakiyar kakar ciyawa, danshi ya farfasa bununin ya zama ƙananan ɓurɓushi masu kaiwa can cikin huhu, dubban mutane suka cika asibitoci a dare ɗaya, goma suka mutu. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya kama murar ciyawa kawai suka san suna da ita.

Tsakanin ƙwaya da allura, gwaje-gwajen da suka haɗa su kai tsaye kaɗan ne. Idan aka jera sakamakon kowacce, allura takan ɗan fi ƙarfi, ƙwaya ta fi aminci da sauƙi, musamman ga yara da mai aikin da ba zai iya zuwa asibiti kowane mako ba. Ɗigon ruwa kuma labarinsa daban: wasu an auna su an gwada, wasu kuwa haɗin asibiti ne na abubuwa goma ko fiye a kwalba ɗaya, kowanne a ma'aunin da bai kai ya yi aiki ba. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ɗigon ba, ƙwayoyi kawai ta ba izini. Haka nan maganar da ta yaɗu a Turai cewa shan zumar yankinku yana maganin murar ciyawa ba ta da madogara. Zuma abinci ce mai albarka, amma ƙudan zuma furanni masu ruwan zaƙi yake bi, ciyawa kuwa iska ce ke yi mata barbara, kuma babu mai iya sanin ma'aunin abin da ke cikin cokali.

Kafin komai sai an tabbatar ciyawar ce. Ana ɗiga ruwan bununi a hannu a ɗan tsikari fatar, a jira minti goma sha biyar a ga ko ta tasa, ko kuma a auna IgE na ciyawa a jini. Gwajin shi kaɗai bai isa ba, domin mutane da yawa yana nuna suna da shi alhali ba sa ciwo. Sai lokacin da mutum ke shan wahala ya yi daidai da lokacin furen ciyawa. Wanda nasa ke tasowa a Afrilu a Turai galibi bununin itatuwa ne, wanda nasa ba ya yankewa duk shekara a duba ƙurar ɗaki ko kyanwa. Ƙwayar ciyawa ciyawa kaɗai take yi wa aiki.

Wannan ya kawo mu ga namu. Ciyawar timoti da 'yan uwanta na ƙasashen sanyi dangi ɗaya ne, sinadaransu sun yi kama ƙwarai, shi ya sa ƙwayar ciyawa ɗaya take rufe sauran. Gamba da kyasuwa da ƙarangiya, da gero da dawa da masara, wani reshe ne daban na dangin ciyawa, kirikiri ma nasa reshen daban. Suna tarayya da na Turai a wasu sinadarai, amma ɗaya daga cikin manyan sinadaran timoti babu shi a cikinsu, su ma suna da nasu. Masu bincike a Ostireliya, a yankin da ciyawar ƙasashen zafi ta fi yawa, sun nuna cewa jinin majinyatansu ya fi kama bununin ciyawar gida a kan ta ƙasashen sanyi. Saboda haka wanda ke atishawa a Kano ko Maraɗi a ƙarshen damina kada ya ɗauka ƙwayar da aka yi domin Denmak tasa ce, balle mai murar hunturu, wadda ƙura da bushewar iska ke tayarwa. Aikin da ke gabanmu shi ne na Blackley: a san wane bununi ne ke yawo a iskar garuruwanmu, a wane wata, da kuma wanne ne jikin mutanenmu ke ƙi.

Wanda maganar ta shafa kai tsaye shi ne ɗan uwanmu mazaunin Landan ko Manchesta ko Hambog, wanda ya zo lafiya lau, bayan 'yan shekaru ya ga kowane Yuni idanunsa na kumbura, ko kuma 'ya'yansa da aka haifa a can. Yakan faru da baƙi bayan jiki ya yi 'yan kakanni yana haɗuwa da bununin wurin. Tambayoyi biyu da musulmi zai yi suna da amsa mai sauƙi: gelatin da ke cikin Grazax na kifi ne, kuma tunda sau ɗaya ake sha a yini, a watan azumi ana iya mayar da ita bayan buɗa baki. A Jamus likitoci da yawa suna rubuta maganin kuma inshorar lafiya na biya. A Birtaniya sai likitan unguwa ya tura mutum asibitin alaji, bayan an ga ya yi kaka guda yana shan ƙwayar danne histamin da feshin hanci yadda ya kamata ba su isa ba, asibitocin kuwa kaɗan ne, layin da tsawo. Tunda ƙwayar farko a Janairu ya kamata a sha ta domin kakar Mayu, wanda ya sha wuya a bana ya nemi a tura shi tun a Agusta ko Satumba, yana riƙe da rubutaccen bayanin ranakun da ciwon ya tsananta da magungunan da ya sha.